Safiyar da Mama ta rera waƙar ibadarta

Shekarun baya, ina sabuwar zuwa Greensboro, na samu aikin kula da wata tsohuwa 'yar Indiya a Summerfield, wani gari da ke kusa. Mama nake ce mata. Shanyewar ɓarin jiki ce ta tafi da hannunta na dama da maganarta, sai dai ta bi mutum da ido. Babbar damuwar ita ce ta ƙi abinci, da ƙyar ake lallashinta ta yi loma biyu. 'Yarta da ta ɗauke ni aikin ta ce min, idonta taf da hawaye, "Likita ya ce in ta ci gaba da ramewa, sai a kai ta gidan tsofaffi a sa mata robar abinci."

Ni kuwa da iyayi, na ce ba a haifi majinyacin da zai ƙi girkina ba. Na yo farfesun kaza tun daga gida, ya sha kayan ƙamshi, ina tafe ina yabon kaina. 'Yar ta tare ni a ƙofa tana danne dariya, ta ce mahaifiyarta tunda ta zo duniya ba ta taɓa sa nama a baki ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. A mota na shanye abina.

Wata rana na idar da walaha a gefen gadonta, sai na ga ta zuba min ido. Ta nuna sallayata, ta nuna ƙirjinta, ta nuna saman bene. Na kira 'yar na ce ta zo ta gani. Tana gani ta dafe kai. Ashe ɗakin ibadarsu yana sama, kuma Mama ba ta taɓa karyawa ba sai ta yi wanka, ta kunna fitilar mai, ta rera wata doguwar waƙar yabo ga allahiyar da suke kira Uwa. Tunda aka sallamo ta daga asibiti aka sa mata gado a ƙasa, kowa ta magani yake yi.

Na faɗa wa 'yar gaskiya. "Ni Musulma ce, ba zan kunna fitilar ba, ba kuma zan rera ba. Amma yi mata wanka da turo ta a keken marasa lafiya aikina ne." Ta ce hakan ma ya isa.

Washegari 'yar ta sauko da hoton allahiyar da fitilar ta jera kan ƙaramin tebur. Na yi wa Mama wanka, na turo ta, na ja baya bakin ƙofa. 'Yar ta fara rerawa, ta zo tsakiya ta kakare, don rabonta da waƙar tun tana ƙarama. Sai wata siririyar murya ta ɗauka daga inda ta tsaya. Mama ce. Matar da ba ta iya cewa a ba ta ruwa, ga ta tana jero baiti bi da bi har ƙarshe, har da hararar 'yar in ta yi kuskure. Muna dariya muna share hawaye, Mama kuwa ta nuna kicin. Ranar ta tashi da kwanon shinkafa da wake, ta nemi ƙari.

Daga baya 'yar ta ce a wajensu waƙar tana kore tsoro, mai rera ta yana jin kamar ya kwanta a cinyar uwa. Ni dai ina kan addinina, hanyarmu ba ɗaya ba ce, amma na san yadda nake wuni a birkice in azkar ɗin safe ya kuɓuce min. Har yau in na tuna safiyar nan daɗi nake ji har cikin raina. Ba a sa wa Mama roba ba, ba a kuma kai ta ko'ina ba. A gidanta ta ƙarasa kwanakinta, tana rera abinta kowace safiya.