Ɗan Shamuwar da Aka Yi wa Ɗori

A ƙofar gidanmu na Karakkai akwai wata tsamiya da shamuwa ke sauka a kanta kowace shekara. Ba mai jifarsu, don an ce su ke zuwa da damina. Wasu kuma sun ce damina ce ke zuwa da su, ban taɓa jin an raba wannan gardama ba. A lokacin ina 'yar shekara tara ko goma, Turawa ba su tafi ba tukuna, kwabo kuma yana da huda a tsakiya.

Wata Laraba da la'asar, gero ya kai gwiwa, aka yi iska mai ƙarfi da ɗan yayyafi. Da ta lafa sai Inna ta aike ni in tsinto itacen da ta kakkaryo. A cikin ƙiraren na iske ɗan shamuwa. Girmansa kamar na budurwar kaza, gashi rabi ya fito rabi bai fito ba, baki ya fi kai tsawo, ƙafa guda tana reto. Muni kam Allah ya ba shi. Na zubar da itacen na naɗo shi a zanena.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ke, itace na aike ki."

"Ya karye, Inna."

"Itacen ma karyayye ne, shi na ce ki kawo."

Kakata, mahaifiyar Baba, tana zaune tana kaɗi. 'Yar Tsafe ce, kuma shekara arba'in da ta yi a Karakkai ba su hana ta auna komai da Tsafe ba. Ta ce shamuwar Tsafe ba ta sakaci da ɗanta haka. Ta gama faɗa ta tashi ta ɗauko tsohon kwando, ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta ajiye shi a bakin ɗakinta.

Da Baba ya dawo daga gona ya fita ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar. Sheƙunan suna can ƙololuwa inda reshe ba ya ɗaukar mutum. Ya ce mayar da shi ba zai yiwu ba. Ya ga idona ya cika, sai ya ce gobe yana da zuwa Bungudu, in abin ya kwana da rai a kai wa kawuna.

Kawu yayan Inna ne, maɗori ne kuma, har daga Gusau ake kawo masa masu karaya. Tunda nake ban taɓa ganin haƙoransa ba. Muka isa da hantsi, ni a kan jaki da kwando a cinya, Baba yana kora. A zauren muka iske mutum biyu suna jira, ɗaya ya faɗo daga kan rumbu, ɗaya saniya ta hamɓare shi. Baba ya gaisa ya wuce sabgarsa, ni kuwa na zauna a bayansu. Wanda ya faɗo daga rumbun ya ce a fara duba yarinya, shi zai jira.

Kawu ya ce, "Ɗiyata, ina ne ya karye?"

Na buɗe kwandon. Ya daɗe yana kallo. A al'adarsa in an kawo mai karaya, yakan karya ƙafar kaza ya ɗora su rana ɗaya, in kazar ta taka to mutumin ma ya kusa.

Ya ce, "Ni ke karya musu. Wannan ne na farko da ya zo da tashi karayar."

Ya yi bisimilla, ya tofa, ya shafa man shanu, ya ja ƙafar a hankali har ta daidaita. Ɗan shamuwar ya kai masa sara a babban yatsa. Kawu ya dubi yatsan ya ce mutane ma suna yi. Ya tsaga kara siri-siri ya jera, ya naɗe da zare, sannan ya juyo gare ni da muryar da yake yi wa kowa bayani.

"Kwana ashirin kar ya taka. Kar ya ɗauki kaya. Kar ruwa ya taɓa wurin."

Wanda ya faɗo daga rumbun ya tuntsire da dariya. Kawu ya dube shi. Mutumin ya tuna hannunsa ne na gaba, sai ya yi shiru.

Ɗori bai ba ni wahala ba, ciyarwa ce ta ba ni. Na ba shi tsaki ya ƙi, na dama masa fura ya kau da kai. Kaka ta ce wa ya taɓa ganin shamuwa na shan fura, ko a Tsafe. Fara yake so, da gyare, da kwaɗi. Tun daga ranar na zama mafarauciya. Da sassafe kafin raɓa ta bushe nakan bi gefen gona ina kama fara, don a lokacin ba ta iya tashi sosai. Da yamma in gangara kududdufi. Sai in zuba masa abin da na yi rabin safiya ina tarawa, ya haɗiye kafin in gyara zama, ya sake buɗe baki.

A kwana na shida ya ƙi ci. Ya kwantar da wuya a bakin kwando, idonsa rabi a rufe. Na kai masa fara har baki bai motsa ba. Na zagaya bayan rumbu na yi kuka mai isata, don na riga na sa a raina cewa ni na kashe shi, ko da yake ban san ta yaya ba. Da na dawo na iske Kaka ta ɗora shi a cinya, tana tsoma yatsa a ruwa tana ɗiga masa a gefen baki, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. Haka ta yi ta yi har azahar. Da la'asar ya ci gyare biyu.

Bayan haka cin nasa ya ninka. Wata rana na rasa inda zan ajiye kamun yamma, na zuba a ƙwaryar Inna na rufe da faifai. Ta zo za ta tankaɗe gari, ta ɗaga faifan, ta iske kwaɗi bakwai suna kallonta. Ta mayar ta rufe. Ta je ta zauna a kan turmi ta kira Baba.

"Malam, zo ka ga abin da ɗiyarka za ta dafa muna."

Ƙwaryar dai ta zama tawa daga ranar, don Inna ta ce ko an wanke ta da ruwan Zamzam ta gama da ita.

Ranar ashirin Baba ya kwance zaren. Ƙafar ta haɗe, sai ɗan kumburi kamar ƙullin igiya. Ɗan shamuwar ya taka, ya yi tangal-tangal, ya bi kaji. Bayan mako guda ya fara tsayuwar nan tasu ta ƙafa ɗaya, kuma kullum a kan wadda aka ɗora yake tsayawa. Da aka gaya wa Kawu sai ya ce ai ita ce mai kyau, ɗayar ba shi ya yi ta ba.

Ya koyi tashi da kansa. Daga ƙasa zuwa danga, daga danga zuwa kan rumbu, ran nan sai ga shi a kan tsamiya. 'Yan'uwansa ba su yi masa maraba ba, ba su kuma kore shi ba. Da rana yana bin su fadama, da yamma ya sauko tsakar gida ya tsaya kusa da ni ko akwai ƙari.

Da gero ya nuna shamuwa suka fara taruwa a fadama, wata safiya muka tashi tsamiya ba kowa. Shi kaɗai ne a kan rumbu. Na ji daɗi a raina. Baba kuwa ya ce in rani ya yi kududdufi zai ƙafe, kuma ba ya jin zan iya haƙo kwaɗo daga ƙasa. Kwana biyu ya ƙara tare da mu. A na uku na dawo da farar da na kamo da safe ban gan shi ba. Na tsaya da ƙwarya a hannu har rana ta yi zafi, sannan na juye wa kaji.

Da aka gama cirar auduga a shekarar, Baba ya sami aikin ɗaurin dilar auduga a Gusau, muka koma Sabon Gari, ɗaki biyu a gidan haya inda ake jin kukan jirgin ƙasa. Kaka ta ƙi biyo mu, ta zauna a gidanmu na Karakkai tare da ƙanen Baba. Sai da damina ta sake faɗuwa ta zo ganinmu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce mini, "Naki ya dawo."

Na ce, "Kaka, yaya kika gane shi?"

Ta ce, "Mu huɗu munka yi shanya a gidan. Ya bar na kowa, ya zo ya yi kashi a kan zanena."