Simintin Hajiya a Ruwan Orozo

Shekarun baya kaɗan, buhun siminti ɗari biyu suka kwana a fili a Orozo cikin ruwan damina. Tare da su har da sunana, wanda na fara ginawa tun ina tura baro a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja.

Abokina, ma'aikacin gwamnati mai haɗa manhaja a gefe, shi ya shawo kaina in sa AI ya riƙa amsa saƙonnin kwastomomina. Ya ce zai duba sito, ya faɗi farashi, har direba zai kira da kansa. Kowane aiki da maɓallinsa, kuma a jikin kowane maɓalli akwai bayanin da AI ɗin ke karantawa kafin ya zaɓi wanda zai taɓa. Ban nemi ganin bayanin ba. Ina ta yawo a layinmu ina cika baki wai na ɗauki ma'aikacin da ba ya tafiya biki, ba ya neman kuɗin abinci.

To a kasuwarmu akwai abin da ko ɗan dako ya sani. Ba duk wanda ya biya ke son kayansa yau ba. Wasu kan biya da damina don gudun tashin farashi, su bar kayan ajiya a sito, sai ruwa ya ɗauke su aiko mota. Wata Hajiya, tsohuwar kwastomata, haka take yi. Ran wata Juma'a ta turo shaidar biya, ta rubuta, "Alhaji, ga shi nan, kamar kullum." Ni ina Bwari wajen ta'aziyya. AI ya ga an biya, ya ga adireshin filinta tun lokacin da ta sayi rodi, ya tura wa direba saƙo. Direba ya loda, ya je ya sauke a filin da ba rufi ba mai gadi. Kafin magariba hadari ya haɗu.

Washegari ta kira ni.

"Alhaji, me na yi maka? Maƙwabcin filina ya ce wai na fara gina dutse."

Ban ma karya ba na nufi gidan abokina. Ya ce, "Oga, ka san AI, wani lokacin yana kuskure."

"Ajiye ogan nan a gefe. Karanta mini abin da ka rubuta masa a kan maɓallin tura mota. Da Hausa."

Ya buɗe kwamfuta, ya gyara tabarau. "Tura kaya ga kwastoman da ya biya."

"Ina jin ka."

"Shi ke nan."

"Shi ke nan? Maɓallin ajiya fa?"

Ya sake duba allon. "Yana gyara oda."

"Gyara da me, da guduma? Malam, wannan na'ura ba ta yi kuskure ba, biyayya ta yi maka! Ka ce wanda ya biya a tura masa, an biya, ta tura."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sau nawa mutumin nan ya zauna a shagona yana shan shayina, yana kallo ana biya ana tafiya hannu rabbana. Amma da ya zo rubutu, maɓallin da ke tayar da mota ɗauke da dukiyar mutane bai samu ko layi biyu ba. A ofis kuwa takardar neman hutunsa sai ta cika shafi.

Ban bar gidan ba sai da muka sake rubutawa, ni ina faɗa yana bugawa. Biya ba izinin fita ba ne. Kada a kira direba sai mai kaya ya faɗi rana da wanda zai karɓa. In an sauke siminti ba ya dawowa, don haka in akwai kokwanto a tambayi Alhaji. Maɓallin ajiya kuma muka bayyana shi sarai: na wanda ya biya zai bar kaya a sito ne.

Tun daga nan duk wanda ya kawo mini irin wannan manhaja, ba na kallon kyan allonta. Bayanin nake sa a karanta mini. In ya faɗi abin da maɓalli ke yi amma bai faɗi inda ba a taɓa shi ba, ko bai ce aikin ba ya warwaruwa ba, sai in ce ya koma. Baƙon da bai taɓa taka Dei-Dei ba ne zai karanta, ba shi da wani sani sai wanda aka rubuta masa.

Lissafi kuwa ga shi. Buhu arba'in muka ceto daga tsakiyar tulin, sauran suka tafi cikon ramin hanya. Da rani na biya Hajiya ɗari biyunta cif, a sabon farashi, daga aljihuna. Abokina yana nan, shayi ma yana sha. Hajiya ba ta canja shago ba, amma har yau in ta biya sai ta kira ni da bakinta.

"Alhaji, kai ne ko injin?"

In ce ni ne.

"To a bar mini simintin a inda yake."