Aron Na'urar Awon Jini

Ɗan fari ba a kiran sunansa. Haka na tarar, haka na riƙe, kuma ko a nan da nake faɗa ana rubutawa ba za ku ji na kira shi ba. Ku dai sani shi na fara haifa. Ya yi karatun likita, ya dawo cikin birni, ya kama hayar wani gida a hanyar Ƙofar Gayan ya buɗe ɗan ƙaramin asibiti. Ranar da aka kafa allo a ƙofar ban je ba, uwa ba ta zuwa kallon abin ɗanta na fari. Na dai turara dambu na raba wa maƙwabta. Ban ce na mene ne ba, su ma ba su tambaya ba, don sun sani.

To, asibiti ya buɗe, tsofaffin unguwa suka ƙi zuwa. Ba ƙiyayya ba ce. Wannan ta goya shi, waccan ta yi masa wanka yana jariri, waccan ta ɗura masa kunu yana tsala ihu. Yaya mace za ta zauna gaban yaron da ta wanke wa kashi, ta naɗe hannun riga, ta ce masa ga inda ke mata ciwo? Maƙwabciyata Hajiya mai daddawa, wadda katangarmu ɗaya tun muna amare, ita ta faɗa a fili. Ta ce, "Ni in yaye mayafi gaban ɗan nan? Gara in sha jiƙona in kwanta."

Shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Sai mutum ya faɗi, baki ya karkace, sannan a kwaso shi a keke napep. A lokacin abin ya fi ƙarfin ɗan asibitin, sai yaron ya yi abin da zai iya ya tura shi babban asibiti. Wahalar tasa, cinikin na wasu. Kuma da wane ido zai karɓi kuɗi a hannun wanda suka yi wasan ƙasa tare, uwar mutumin tana kwance rai a hannun Allah? Mai gidan haya ba ya jira, man janareto ba ya jira. Magani ya zauna a kantar asibiti har kwanansa ya ƙare a zubar. Nas ɗinsa guda ce, wata dattijuwa Kirista mutuniyar Wusasa, kowa Sista yake ce mata. Wata ya mutu wani ya tsaya, albashinta sai a gutsure.

Sai na ji a bakin matarsa wai ya samu aiki a ƙasar Larabawa, zai rufe asibitin ya tafi. Rannan sai ga shi da sabon akwati, ƙato, mai taya, ya ce a ajiye masa a ɗakina, nasu ya cika. Aka tura shi ƙarƙashin gadona. Ni da akwatin nan muka zama abokan kwana. In na sunkuya ɗauko takalmi sai mu haɗa ido.

Ana nan ana nan, sai ga Sista da wani abu a jaka. Ta ce, "Mama, wannan ne gwajinmu na ƙarshe. In bai karɓu ba, likita zai tafi." Ta fito da shi, na'urar awon jini ce, amma da layi a cikinta irin na waya. Ka ɗaura a damtse, ka danna, ta matse ka ta saki, abin da ta gani ya tafi kai tsaye wayar likita yana zaune a asibiti. Ba zuwa, ba zaman jira, ba haɗa ido. Mutum ya riƙa ba da ɗan abu duk wata kamar zubin adashi, a ba shi na'ura, a riƙa duba shi daga nesa. Ta ce ta shiga gidaje da yawa, kowa ya yaba, ba mai son farawa.

Na ce, "Shi ya aiko ki nan?"

Ta ce, "Ina! Cewa ya yi in tsallake gidan nan, kunyarki yake ji."

Na miƙa mata hannu na ce, "Ɗaura."

Yanzu sai ku san gidana. A gidana ba a hana aro. Turmina ya zaga unguwar nan ya fi mai tallan goro yawo. Rariya, tukunyar biki, tabarmar zaman makoki, har zanen fita, duk wanda ya leƙo ya ce a ara masa, an ara. Da haka uwata ta riƙe mutane, da haka na riƙe su.

Wata rana da hantsi Hajiya mai daddawa ta shigo aron rariya, ta tarar ina kwance na'urar daga hannuna. Ta zauna a bakin rijiya tana dafe da ƙeya, ta ce tun asuba kanta kamar ana daka a ciki. Ta ce, "Ke, ara mini abin ɗanki mana in ji me zai ce."

Na ɗaura mata kamar yadda aka koya mini, na danna. Da ta matse ta sai ta zabura. "A'uzubillahi! Wannan ai ta fi ungozoma riƙo." Wasu baƙaƙe suka fito a fuskar na'urar. Ni ban iya karanta su ba, ita ma haka, muka ci gaba da hirarmu, na koma kan turmi ina surfe.

Ban gama surfen ba na ji babur ya ci burki a ƙofar zaure. Yaron nan ya faɗo tsakar gida ba sallama, abin da bai taɓa yi ba tun da ya san kansa, Sista na biye da shi tana haki.

"Inna, ajiye taɓaryar nan! Zauna!"

Ya kama wuyan hannuna. Rabon da fatarsa ta taɓa tawa tun ina goya shi. Na zare hannuna a hankali na kalli gefe na ce, "Lafiya aka shigo wa mutane haka?"

Ya ce, "Jininki ya hau inda ba a tsayuwa da shi."

Na ce, "Ba nawa ba ne. Aro na bayar."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya juya ya ce, "Hajiya, ke ce?"

Ta ce, "Ni ce, ɗan nan. Ashe abin naka gulma yake kaiwa?"

Sista ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Shi bai yi ba. Ya ce wanda jininsa ya kai haka, faɗuwa kawai yake jira. Sai ya yi wani abu da har gobe in na tuna nake jin kaina ya ƙara tsawo. Ya juya mata baya, ya fuskanci katanga. Sista ta sake aunawa, ita ke taɓawa, shi yana tambaya yana kallon bango, Hajiya tana amsa wa ƙeyarsa. Aka ba ta magani, ta kwanta a ɗakina har la'asar, sannan ta bi Sista asibitin da ƙafarta. Ba ta faɗi ba. Tana nan yau tana sayar da daddawarta, ta rage gishiri tana ta mita.

Kafin su fita Sista ta ce, "Mama, na'urar nan ba a aronta. Hannu ɗaya ta sani."

Na ce, "A gidan nan ba a hana aro. In ba ku so, ku ba kowa tasa."

Bakin Hajiya kuwa ya fi gidan rediyo. Ba sunan da ba ta ba da labarin ba, ba bikin da ba ta tashi ta nuna yadda ya juya ya fuskanci bango ba. Mata suka fara aika wa Sista ta kawo musu tasu na'urar. 'Ya'yansu da ke aiki a Kaduna da Abuja suka riƙa turo zubin wata ta waya, hankalinsu kwance. Har mutanen ƙauye masu kawo hatsi kasuwa suka karɓar wa tsofaffinsu, don ya fi musu sauƙi a kan kuɗin mota da asarar yinin gona.

Ni ban san lissafin asibiti ba, amma na san na mai sana'a. Ciniki kaɗan da ke zuwa kullum ya fi babba da ba a san ranarsa ba. Matarsa ta ce yanzu yana duba mutane masu yawa daga kujera ɗaya, bai ƙara ɗaki ba, bai ƙara gado ba. Ya san wa ke shan me, sai ya saro magani daidai, ba a zubarwa. Wanda jininsa ya fara hawa a kira shi tun da wuri, a yi masa magani a nan, ba sai an kai ga tura shi wani wuri ba. Albashin Sista ya daina zuwa a gutsure, har aka ɗauko mata mataimakiya. Aka yi wa asibitin fenti. Na gani ta tagar keke napep, ban ce a tsaya ba.

Maganar tafiya bai sake tayarwa ba, ni kuma ba hurumina ba ne in tambaya. Akwatin dai yana nan ƙarƙashin gado, ni da shi ba mai ce wa wani komai.

Sai bara ɗan Hajiya ya biya mata Umra. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Ƙaton akwatin nan da na gani ranar da na kwanta a ɗakinki, a ara mini." Shi ne abu na farko a rayuwata da na ce a dakata, ba nawa ba ne. Na aika wa matarsa ta tambaye shi. Kafin magariba ta zo da kanta, ta durƙusa ta ce, "Inna, ya ce a ba ta. Wai ba sai ta dawo da shi ba."

Na jawo shi da hannuna, na kakkaɓe, na miƙa ta kan katanga. Washegari na turara dambu na raba wa maƙwabta. Ba wanda ya tambaya na mene ne.