Indararon Surukin Inna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Kalgo, mijin yayata ya sauke rufin ƙasar ɗakinsa a Gwandu ya buga kwano. Gidansa manne yake da namu. Kowa ya taya shi murna, ba wanda ya lura kafinta ya juyo bakin indararon ta kan katanga, saitin rumbun mahaifiyata.

Da marka ta kankama na zo gida, na tarar yaɓen rumbun ya zaizaye ta gefe guda, jikinsa sharkaf. Geron da zai kai mu kaka yana ciki. Inna ta jera tsofaffin robobi, ta yafa buhuna, kuma ana tsuga ruwa take fita da kanta tana kwashewa. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Na ce, "Inna, ba ki gaya masa ba?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ni in buɗe baki in yi ma surukina ƙorahi? Kai ma kak ka soma. Ruwan Allah na."

Sai ka san Inna za ka gane. Ko sunansa ba ta faɗa, in ta hango shi a hanya lungu take sakewa. Yayata kuwa 'yar fari ce, ita ma Inna ba ta doguwar magana da ita.

Ni dai ban ji hanin ba. Na wuni ina tsara jawabi kan haƙƙin maƙwabtaka, irin na malamin makaranta, har da inda zan ɗaga murya. Da na same shi a ƙofar gida yana wanke babur, jawabin ya gudu ya bar ni. Sai bakin tsiya ya zo, don ƙanen mata da mijin yaya ba a raba su da wasa.

Na ce, "Yaya, mun ba ka mata, kai ka biya mu da gulbi? Geron Inna ya kusa iya iyo."

Ya yi dariya, sai ta tsaya masa. "Wane gero?"

Na sa ya taka turmi ya leƙa ta katanga. Ban taɓa ganin babban mutum ya muzanta haka ba.

"Tun yaushe abin ga?"

"Tun ruwan farko."

"Kuma ta yi shiru?" Ya dafe kai yana salati.

Washegari ya zo da kafinta, aka juya gangaren indararon, aka haɗa masa fayif har kwatar waje. Shi da kansa ya naɗe wando ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe rumbun. Inna na jin yana tafe ta ɗauki mayafi ta tafi unguwa, sai bayan la'asar ta dawo. 'Yan damman da ke jikin bango sun yi funfuna, sauran lafiya lau. Da geron rumbun nan muka kai sabon gero.

Har yanzu ina ganin kunyar nan ta kusa raba mu da abinci, amma na daina jin haushinta, tunda al'adar da ta rufe bakin Inna ita ce ta bar wa irina bakin magana. Inna da surukinta ba su taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk shekara, da an yi ruwan farko, zai kira ni a waya ya ce in buga wa Inna in ji ko rumbu lafiya, alhali ko tari ya yi a ɗakinsa tana ji.