Rigar Goruna ta Goggo

Jiya a tashar jirgin ruwa ta Yelwa na taka wata gorar roba, ta yi ƙara, sai Goggo ta faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da rasuwarta.

Yayar mahaifina ce. Duk gorar da aka yar sai ta tsince, ta murɗe murfin sosai, ta jera su cikin tsofaffin rigunanmu, ta ɗinke da zaren buhu. Wai ko jirgi ya kife, rigar za ta ɗaga yaro sama. Takan ce, "Ruwa bai san ɗan kowa ba."

Wata ranar kasuwa zan tsallaka da ɗiyata Hafsatu, 'yar shekara biyar. Goggo ta biyo mu bakin ruwa tana haki, rigar tana ƙwaram-ƙwaram a hannunta.

Ta ce mini, "Sa mata, ɗiyata."

Mutanen jirgi suka kwashe da dariya. Na ce, "Haba Goggo, kunya za ki ba mu? Koma da ita gida."

A tsakiyar ruwa jirgin ya bugi kututture ya kife. Ni aka ciro ni da rai. Hafsatu sai bayan kwana biyu aka samu gawarta.

Goggo ba ta taɓa yi mini gori ba. Ita ta riƙa ɗura mini kunu lokacin da na kasa cin komai. Amma ba ta ƙara riƙe allura ba har ta koma ga Allah. Da ma ta zage ni ko sau ɗaya.

Allah ya jiƙan ki, Goggo, ya haɗa ki da Hafsatu a Aljanna. Ni kuma ya yafe mini, don har yau na kasa yafe wa kaina.