Ranar da Aka Sa Babana Ya Tsallake Ni

Warin jiƙaƙƙen buhun algarara ne ya tsayar da ni a bakin kasuwar albasa kwanakin baya. Jikana da ke riƙe da hannuna ya zaci jiri ne ya ɗebe ni, ya shiga neman inda zan zauna. Ta ina zan fara gaya masa cewa warin mahaifina na ji?

Mai karatu, in ka taɓa riƙe ɗaya daga cikin 'yan littattafan ban tsoron da na rubuta, wataƙila ka ɗauka a bakin tsofaffi masu tatsuniya na koyi sana'ar. Gaskiya ne kakata ta wajen uba ta iya labarin dodo, tana kumbura murya har mu ƙanƙame juna. Amma dodonta bai taɓa hana ni barci ba, don na san a ƙarshe za a yi masa wayo. Abin da ya koya mini tsoro da rana tsaka ya faru, a tsakar gidanmu, kowa yana kallo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Rabah da Gandi. Gero da dawa a tudu da damina, albasa a fadama da rani, haka rayuwar take. Ina ƙarami, lokacin babban yaƙin Turawa, aka zo ɗibar mutane zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos. Ɗiban gwamna ake ce masa, kuma ba a tambayar mutum ko yana so. Uban ƙasa ya aiko wa mai gari, mai gari ya nuna gidaje. Gidanmu maza biyu ne, babana da ƙanensa, aka ce ɗaya ya fito. Babana ya ce shi ne babba. Abin da na riƙe na tafiyarsa kaɗan ne: ya ɗaga ni sama, gemunsa ya soke ni a kumatu, ya dire ni.

Waɗanda suka dawo a rame suka dawo, suna tari, suna ba da labarin sanyi mai shiga ƙashi da ramukan da ruwa ke cikawa mutum yana ciki. Wani maƙwabcinmu da suka tafi tare ya zo ya durƙusa gaban kakata, ya ce ya bar babana kwance a rumfar marasa lafiya ba ya motsi, washegari kuma ya ga an fitar da gawarwaki daga rumfar an rufe. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya faɗa. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka. Mahaifiyata ta yi takaba, aka raba gado. Da shekara ta zagayo, dattawa suka ga gara baffana ya aure ta don kada in tashi agola a wani gida. Ita ma ba ta ƙi ba, don mutum ne mai sanyin hali. Ni dai ban daina ce masa baffa ba.

Cikin bazara ya dawo, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Mata a bakin rijiya suka fara hango wani dogon mutum yana tahowa a hankali, sanye da buhun algarara da aka huda wa wuya da hannuwa. Da suka gane fuskar, suka watsar da guga suka ruga. Ya ratsa gari ana ja da baya ana salati. Ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Kakata ce ta fito da sandarta, ga idonta ya riga ya yi rauni.

"Ni na, Inna," ya ce mata. "Ban mutu ba."

Ta shafa fuskarsa, ta kai hannu bayan kunnensa inda yake da tabo tun yana yaro, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Daga baya ya ba da labarinsa sau ɗaya tak, a taƙaice: ya daɗe yana jinya, aka sallame shi ba ayarin da zai bi, ya taho da ƙafa yana yi wa mutane aiki don abinci, in ciwo ya kayar da shi ya kwanta a inda ya samu.

Ina so ka gane cewa ba mugu ko ɗaya a gidanmu. Liman ya ce auren farko yana nan, mahaifiyata za ta koma ɗakin mijinta in ta gama jiran da shari'a ta ce. Baffana ya kwashe kayansa yana hawaye, ya ce a mayar wa yayansa gonarsa. Amma mahaifiyata ta riga ta binne mutumin nan a zuciyarta, ta yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci. In ta kawo masa tuwo, sai ta ajiye akushin daga nesa ta juya. Yana gani. Wata safiya ya kira liman ya sawwaƙe mata, ya koma wata 'yar bukka a bayan gida kusa da turken awaki.

Nan nake zuwa in same shi. Ko da rana ta take, yana zaune cikinta da buhunsa yana rawar ɗari, yana tari mai tsawo. Ba ya yawan magana. Yakan fere karan dawa ya yi mini raƙumi ko jirgin ƙasa, wanda ya ce ya gani da idonsa. Ni ban ga abin gudu a jikinsa ba. Babana ne, ya rame kawai.

Gari kuwa ba haka ya gani ba. Aka ce fatalwa ne. Aka ce ba shi da inuwa, aka ce in ya taka yashi ba ya barin sawu. A masallaci in ya shiga sahu, sai a bar fili hagu da dama. Da damina ta sauka da zazzaɓinta, yara suka fara mutuwa a unguwa, sai maganar ta sauya: ba fatalwa ba ne, maita ya kwaso a ƙasar duwatsu. A wurinmu a lokacin, an yarda cewa maye kama kurwar mutum yake yi, majinyacin kuma in ciwo ya yi tsanani zai ambaci wanda ya kama shi. Maganin shi ne a tuɓe mayen a sa ya tsallake majinyacin, sai ya saki kurwar.

Ni ma zazzaɓin ya kama ni. An ce na fita hayyacina, ina ta kiran "Baba, Baba." Matan maƙwabta da suka zo dubiya suka ji, suka dubi juna. Kafin hantsi gidanmu ya cika.

Kakata ta tare ƙofar ɗaki da sandarta. "Wa yaro ka kira in ba uba nai ba?" ta ce. "Ku ji tsoron Allah." Aka ɗauke ta cak aka ajiye gefe. Baffana ya yi ƙoƙarin magana, wani da ya rasa ɗansa a satin ya tambaye shi ko so yake wannan ma ya bi sauran. Ya ja da baya. Mahaifiyata tana cikin ɗaki ta haɗa goshinta da bango.

Aka fito da ni a tabarma aka shimfiɗe a tsakar gida. Ina tuna hasken rana yana sukar idona, da ƙudaje, da fuskoki a kewaye, fuskokin mutanen da suka saba ba ni ƙuli-ƙuli. Aka kawo babana. Wani dattijo ya ce ya cire buhun. Ya cire, haƙarƙarinsa duk a waje. Bai yi musu ba, bai rantse ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "In wanga abu ka tashe shi, ku matsa min." Inuwarsa, wadda aka ce ba shi da ita, ta faɗo a fuskata ta tare mini rana. Ya ɗaga ƙafa a hankali don kada ya taɓa ni, ya tsallake, ya juyo ya sake tsallakewa.

Da na mutu, da wataƙila an wanke shi. Sai na warke. Zufa ta karyo mini, na nemi kunu, gari ya ce ai ga shi nan, ya saki. Mai gari ya kira baffana ya ce ba zai iya hana mutane abin da suke shirin yi ba. Babana ya zo ƙofar ɗakin da nake kwance, ba a bari ya shiga ba, na dai ji tarinsa. Ya kama hanyar arewa. Kakata ta bi shi har ƙarshen gonaki, ya roƙe ta ta koma.

Fatake sun ce sun gan shi yana dako a kasuwar Goronyo. Wani ya ce ya gan shi a mashigin gulbi wajen Wurno. Daga nan ba labari. Ba a yi masa zaman makoki ba, don an riga an yi. Kakata ba ta sake yi mana tatsuniya ba har ta rasu. Mahaifiyata ta koma auren baffana, ta haifi ƙannena, ta tsufa ba ta ambace shi ba, sai a ciwonta na ajali ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko ina ganin ya yafe mata. Na ce ya yafe. Ban sani ba.

Na yi karatu a Sakkwato, na koyar a makaranta, na fara rubutu. Na cika takardu da aljanu da kukoki da rijiyoyi masu magana, amma in ka lura, a kowane labarina akwai wanda ya dawo gida aka ƙi buɗe masa ƙofa. Wasu samari masu shirya fim sun taɓa zuwa neman ɗaya daga ciki. Suka shafa wa mayen farar ƙasa, suka yi masa jajayen idanu da dariyar mugunta, masu jifansa kuma suka zama jarumai. Na ce musu su juya kyamarar ta kalli taron, a can abin tsoron yake. Suka ce ba wanda zai biya kuɗi don a nuna masa fuskarsa. Ina jin sun fi ni gaskiya.

Yanzu na ajiye alƙalami. Ƙauyenmu ya zama kufai, 'yan bindiga sun tashe shi, danginmu suna raɓe a Rabah. Yaron da ya kwana a daji saboda ƙarar babur, wane dodo zan ƙirƙira masa? Da na je gaishe su bara, na tarar da wani matashi da ɓarayin suka daɗe suna riƙe da shi, ya kuɓuto. Ana ta raɗa cewa tunda ba su kashe shi ba, ai nasu ya zama, shi ke kai musu labari. Yana zaune shi kaɗai a gindin bishiyar bedi, da kwanonsa daban. Na ja ƙafa na je na zauna a tabarmarsa. Ya dube ni, ya matsa gefe.

"Baba, tashi," ya ce, "kar a gan ka tare da ni."

Na zauna har aka kira la'asar. Da na tambayi labarinsa bayan sallar layya, aka ce ya bar garin, ba a san inda ya nufa ba.