Yawun Kawu Ummaru

Duk wanda ya san Kawu Ummaru a Goronyo ya san in yana son abu da arziki, yawu zai tofa masa. Ba tofin malamai ba fa, mai addu'a. A'a, tsurar yawu! Wai shi ke sa abu girma.

"Kai, mi kas sani?" in ji shi. "Saniya da mi taka tsai da ɗan maraƙinta? Kare da mi shika warkar da gyambonai? Da allura?"

Lokacin da anka fara sako mana ruwan dam, kowa na rububin taki, shi kuwa yana bin fangalin albasa yana tuf, tuf. Abin haushi, albasar ta yi kai kamar ƙwarya. Malamin gona ya zo ya tambaye shi wane taki ya sa, Kawu ya nuna bakinsa. Bawan Allah ya tsaya yana kallonmu, mu ma muna kallonsa. Daga baya munka gane matarsa, Inna Hajo, ke zuba takin awaki in ya tafi masallaci. Da anka faɗa masa, ko gezau. "To ita akuyar ba da yawu taka tauna ba?"

Sai wani ƙullutu ya fito masa ƙasan kunne. Da fari kamar gujiya, ba ciwo. Kwanci-tashi ya kai ƙwan zabo. Mi kuke tsammani ya yi? Ya riƙa shafa masa yawu safe da maraice!

Da ƙyar na ja shi asibiti Sakkwato, ni ɗan ƙanwarsa da yake ɗan jin maganata. Likita ya duba, ya yi mana bayani a hankali. Ya ce nan ne ake haɗa yawu, kuma jiki na da wani sinadari mai ba tsoka umurnin ta girma, har cikin yawu akwai shi, shi ya sa ciwon baki ke saurin warkewa. Amma a wurin Kawu umurnin ya ƙi tsayawa, kamar an buɗe ƙofar ruwa an manta da ita. Dole a yi aiki a cire, kuma da wuri.

Ni gabana ya faɗi. Kawu kuwa ya miƙe yana tafi.

"Ka ji ko? Ka ji da kunnenka! Likita, don Allah mu tai Goronyo ka maimaita bakin kasuwa."

"Baba, ƙari ne fa," in ji likita.

"Ƙarin mi? Ai albarka ta tay yi yawa."

Wallahi na rasa dariya zan yi ko kuka. Likitan ma ya cire tabarau yana share ido, ban san wanne yake yi ba.

Munka roƙa, Inna Hajo ta yi kuka, liman ya sa baki. Kawu ya ce sai an cire albasa tukun. Da anka cire albasar munka koma, likita ya taɓa wuyansa. Ya ce abin ya riga ya bazu.

A mota ya ga ina hawaye, ya dafa gwiwata.

"Bari kuka, ɗana. An ce ma ƙullutun nan shi tsaya, ya ƙiya. Halina yaɗ ɗauko."

Bai ga damina ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kai, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Mu da munka kasa shawo kansa, Allah ya sanyaya mana zuciya.